BABI NA HUƊU: JIGON BARIN GIDA DON NEMAN AIKI A KARIN MAGANA DA LITTAFIN KITSEN ROGO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin sana'a a rayuwar Bahaushe, da yadda yaro kan tashi ya gaji sana'ar gidansu. A wannan babi kuwa za a dubi mutumin da sana'ar gida ta kasa riƙe shi, har ya ɗaure kayansa ya bar garinsu don neman abin yi a wani wuri. Za a nazarci yadda adabin Hausa ya kalli wannan mutum ta hanyar ɗaukar samfuri biyu, wato karin magana daga ɓangaren adabin baka, da kuma littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo daga ɓangaren rubutaccen zube.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duka samfuran biyu an gina su ne a kan tafiya mai ranar dawowa, irin ta ɗan cin rani wanda gona take jiransa a gida. Saboda haka idan aka auna su da halin mai neman tsayayyen aikin albashi, wanda babu wata damina da za ta kira shi gida, sai a tarar mudun bai cika ba. Batun yana da muhimmanci, domin kuwa da irin waɗannan maganganu ne ake yi wa matashi hukunci a zaure da majalisa, ko a ce masa malalaci idan ya zauna, ko a ce masa mai dogon buri idan ya tafi.

4.1 Bambancin Cin Rani da Neman Aiki

Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Da zarar an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, sai magidanci ko saurayi ya nufi wani gari ya yi watannin rani yana ƙwadago, kamar dako da faskare da ga-ruwa da gini da yankan farce, ko kuma ya haɗa da karatun allo. Amfanin wannan tafiya iri biyu ne. Na farko, ya rage wa rumbun gida baki ɗaya. Na biyu, ya samo kuɗin haraji da sutura da hidimar aure. Idan hadari ya fara haɗuwa sai ya juyo gida ya ɗauki fartanya. Ke nan ɗan cin rani manomi ne da ya je aro lokaci a birni, kuma shi da mutanen gidansu duk sun san lokacin dawowarsa.

Neman tsayayyen aiki kuwa wani abu ne daban. Mai nemansa yana son a ɗauke shi a ofis ko masana'anta ko makaranta, a riƙa biyansa albashi a ƙarshen kowane wata, tare da fatan fansho idan ƙarfi ya ƙare. Irin wannan aiki ba ya zuwa inda mutum yake, sai dai mutum ya bi shi inda yake, kuma ba ya ba da hutun damina. Wanda ya same shi ya ƙaura ke nan, shi da iyalinsa. Wanda bai samu ba kuwa yakan ci gaba da zama a garin da ya je, yana ɗan taɓa aikin wucin gadi yana jira, shekara ta bi shekara.

4.2 Taƙaitaccen Tarihin Aikin Albashi a Arewa

Kafin a shiga nazarin adabin, ya kamata a san lokacin da kowane samfuri ya fito. Fatauci da cin rani sun girmi zuwan Turawa, domin tun da daɗewa ayarin Hausawa suke zuwa Gwanja sayen goro. Aikin lada na kuɗi ya yaɗu ne a zamanin mulkin mallaka, lokacin da aka tilasta biyan haraji da kuɗi, aka kawo jirgin ƙasa Kano a 1911, aka kuma buɗe wuraren haƙar kuza a yankin Jos. A tsakanin 1942 da 1944 har aikin tilas aka sa talakawa a wuraren kuzar nan saboda yaƙin duniya na biyu.

Masana'antu sun biyo baya. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, sannan wasu masaƙu suka taru a unguwar Kakuri, haka kuma a Kano aka sami unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa. A shekarun 1970 abubuwa biyu suka haɗu. Fari mai tsanani na 1972 zuwa 1974 ya kori mutane daga karkara, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 suka ja su zuwa birni. Daga nan sai al'amari ya juya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo da faɗuwar darajar naira da rage ma'aikata, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Wannan ya nuna cewa karin magana ta fito ne daga zamanin fatauci da cin rani, Kitsen Rogo ya fito daga zamanin da birni yake da ɗan abin bayarwa, mai neman aiki na bayan 1986 kuwa ya zo ne bayan an kwashe kasuwa.

4.3 Karin Magana Masu Ƙarfafa Fita Nema

Akwai rukunin karin magana da suke zuga mutum ya tashi ya nema. Ga misalai:

(a) Zomo ba ya kamuwa daga zaune.
(b) Mai nema yana tare da samu.
(c) Da zaman banza gara aikin kishiya.
(d) Tafiya mabuɗin ilmi.

A misali na (a) an siffanta arziki da zomo, dabba mai gudu da zulliya, an kuma mayar da mai nema mafarauci. Hoton yana da ƙarfi domin kowane ɗan ƙauye ya san wahalar kama zomo. Amma idan aka lura za a ga cewa karin maganar ta ɗauka akwai zomon a dajin, abin da ya rage kawai shi ne mafarauci ya miƙe. Haka ma misali na (b) ya ɗaure nema da samu wuri guda kamar ɗan jumma da ɗan jummai. A zamanin da kowane gari yake bukatar mai dako da mai faskare da rani, wannan magana gaskiya ce da ake gani da ido.

Misali na (c) ya fi sauran kusa da halin mai aikin wucin gadi. An ɗauko hoton ne daga cikin gida, inda mace take yin aikin da amfaninsa zai koma ga wadda ba ta ƙauna, duk da haka aka ce ya fi zama haka nan. Wato Bahaushe ya yarda mutum ya karɓi aikin da bai kai darajarsa ba kafin wanda ya fi shi ya samu. Sai dai karin maganar ba ta faɗi tsawon lokacin da za a yi ana aikin kishiyar ba. Misali na (d) kuwa ya faɗaɗa ribar tafiya ta wuce kuɗi, ta haɗa da wayewa da sanin halin mutane, abin da yake nufin ko matafiyi ya dawo hannu sake bai yi asara duka ba.

4.4 Karin Magana Masu Jan Kunne

Rukuni na biyu yana ja wa matafiyi birki. Ga misalai:

(e) Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
(f) Hangen Dala ba shiga birni ba.
(g) Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.
(h) Zafin nema ba ya kawo samu.
(i) Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Misali na (e) yana da zubi mai ɓangare biyu, inda aka juya kalmomin ɓangaren farko suka zama na biyu. An kuma yi amfani da salon mutuntarwa, aka ba gida ikon yin fushi da ramuwa kamar mutum. Ma'anarsa ita ce wanda ya daɗe a waje zai rasa gurbinsa, a raba gona ba ya nan, a yanke shawara ba a tuna da shi ba. Misali na (f) ya ɗauki dutsen Dala na Kano, wanda matafiyi yake hangowa tun yana nesa da ganuwa, ya mayar da shi alamar burin da ido ya gani amma ƙafa ba ta kai ba. Babu karin maganar da ta fi wannan dacewa da mai riƙe da takardar shaida yana zagaya ofisoshi.

Misali na (g) ya kamanta baƙo da raɓa wadda take bushewa da fitowar rana, ɗan gari kuwa da kaba mai saiwa a ƙasa. Tarihi ya sha gaskata wannan magana. A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, cikinsu har da Hausawan zango da suka daɗe a can, sannan a 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi masu ɗimbin yawa, akasarinsu 'yan Ghana. Misali na (h) kuwa kai tsaye yake karo da misali na (b), domin ya mayar da samu ga rabo. Na (i) yana fifita ɗan abin da mutum ya mallaka, kamar gonar gado ko sana'ar hannu, a kan dogaro da abin wani, wanda aikin albashi yana cikinsa.

Wannan karo da juna tsakanin rukunan biyu ba aibi ba ne ga karin magana. Dattijo yakan zaɓi wadda ta dace da yaron da ke gabansa, ya zuga malalaci da ta farko, ya tsawata wa mai rawar kai da ta biyu. Abin lura shi ne dukkansu sun haɗu a kan abu ɗaya, wato akwai gida, akwai gona, akwai guntun gatari da za a koma wa. Shi ya sa ake rufe zancen matafiyi da cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

4.5 Jigon a Littafin Kitsen Rogo

Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga Kitsen Rogo a ƙarshen shekarun 1970. Marubucinsa, Abdulƙadir Ɗangambo, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma ya fi shahara a fagen nazarin waƙa. Babban jigon littafin shi ne illar kwararowar matasa daga ƙauye zuwa birni. Tauraron labarin saurayi ne da ya bar ƙauyensu da zaton zai sami jin daɗi a birni, sai ya faɗa hannun miyagun abokai, ya shiga aikata laifi, abin da ya girba ya zama wahala da nadama.

Tun daga sunan littafin marubucin ya bayyana matsayinsa. An ciro sunan ne daga karin maganar nan ta kallon kitse da ake yi wa rogo. Ɓararren rogo fari ne tas kamar kitse, sai an kai baki a gane babu maiƙo a cikinsa. A nan birni shi ne rogon, ɗan ƙauye kuma shi ne mai kallon. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a cikin wannan hoto rogo bai yi wa kowa ƙarya ba, ido ne ya yaudari mai shi. Ke nan tun kafin a buɗe shafin farko an riga an ɗora kuskuren a kan matafiyi.

Idan aka kwatanta wannan littafi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, za a ga yadda kallon tafiya ya sauya cikin shekara arba'in da 'yan kai. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida ya sha gwagwarmaya a garuruwa, daga ƙarshe ya komo da abin da ya je nema, ya sami ɗaukaka. Wannan ya yi daidai da rukunin karin magana na farko. Kitsen Rogo kuwa ya tsaya a kan rukuni na biyu, inda tafiya ta zama hanyar lalacewa. Duk da wannan bambanci, littattafan biyu sun ɗauki gida a matsayin ma'auni. A ɗaya ana komawa gida da nasara, a ɗayan kuma barin gidan ne tushen asara.

Littafin ya yi nasara ta fuskoki da dama. Ya sauko da ƙagaggen labarin Hausa daga duniyar aljanu da sarakuna zuwa matsalar da mai karatu yake gani a tashar mota da bakin kasuwa. Haka kuma saƙonsa ya dace da lokacinsa, domin a 1976 ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ana kiran jama'a su koma gona. Gargaɗin da ya yi game da miyagun abokai gaskiya ne, kuma duk wanda ya san rayuwar yaran da suke kwana a tasha ba zai musa ba.

4.6 Inda Ma'aunin Ya Gaza

Rauni na farko shi ne, jigon gargaɗi yakan mai da hankali ga halin matafiyi fiye da dalilin tafiyarsa. Bahaushe da kansa ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya kuma ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Miyagun abokai su ne ƙadangaren, amma tsagewar bangon ita ce fari da ƙarancin gona a gidan da 'ya'ya suka yi yawa, da kuma watannin da saurayi yake yi a birni ba tare da aikin da zai dogara da shi ba. Labarin da ya fi ba da ƙarfi ga ƙadangare zai sa mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya kame kansa zai tsira, alhali kuwa kamun kai ba ya buɗe masaƙar da aka rufe.

Rauni na biyu shi ne maganin da ake bayarwa, wato a zauna gida a riƙe noma. Gaskiya ne an yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, amma noman damina a yawancin ƙasar Hausa wata huɗu ne zuwa biyar, kuma cin rani kansa shaida ne cewa tun asali noma shi kaɗai bai cika shekara ba. Bugu da ƙari, akwai wanda ba shi da gonar da zai koma. Ɗan ma'aikacin masaƙa da aka haifa a Kakuri ko a gidan haya a Kano, idan aka ce masa ya koma gida, gidan shi ne birnin da babu aikin.

Rauni na uku ya shafi mai ilmin boko, wanda karin magana ba ta san shi ba, littafin kuma ba a kansa aka rubuta shi ba. Tun 1973 da aka kafa shirin bautar ƙasa, hukuma da kanta take tura wanda ya gama jami'a wata jiha ya yi shekara guda, daga nan a sallame shi ya shiga nema. Idan ya nemi aikin gwamnatin jihar da ba tasa ba, sau da yawa sai a tambaye shi takardar shaidar asali, ko a ɗauke shi a kan kwantiragi. A ranar 15 ga Maris 2014 ɗimbin matasa suka cika filayen wasa a Abuja da wasu birane don jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice, aka yi turmutsutsu, mutane da dama suka rasu. Waɗannan ba daga zaune suka nemi kama zomo ba, kuma ba kallon kitse suka yi wa rogo ba, domin sun san guraben kaɗan ne. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗauki masu digiri a kan naira 30,000 a wata na tsawon shekara biyu, wato aikin kishiya da hukuma ta tsara. Hatta acaɓa, wadda ta zama mafakar masu jiran aiki, an hana ta ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013, an kuma hana ta a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, inda da yawa daga cikin masu yin ta 'yan Arewa ne da suka je nema.

Duk da haka, akwai karin maganar da suka fi waɗanda aka saba kawowa dacewa da wannan hali. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Bahaushe. A da, wannan yana nufin maigidan zango, irin na Sabo a Ibadan ko Agege a Legas, wanda yake ba baƙo masauki ya kuma haɗa shi da ciniki. A fagen neman aikin ofis kuwa ma'anar ta koma sanayya da hanya, abin da wata karin maganar ta faɗa ƙarara, cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Waɗannan biyu sun ɗauke ido daga halin mai nema sun mayar da shi ga mai rabo da yadda yake rabawa. Haka kuma a ɓangaren waƙar baka, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki ƙaramin ma'aikaci irin karen mota ya yi masa waƙa sukutum da kuntiginsa. Wannan ya nuna cewa adabin Hausa yana da hanyar kallon mai ƙwadago a bakin aikinsa, ba tare da an tsaya ga tambayar ko ya kamata ya bar gida ba.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an bambanta cin rani da neman tsayayyen aiki, an kawo taƙaitaccen tarihin aikin albashi a Arewa, sannan an nazarci karin magana tara a rukuni biyu tare da jigon littafin Kitsen Rogo. An ga cewa karin magana ta riƙe ɓangarori biyu na zuga da jan kunne, littafin kuma ya zaɓi ɓangaren jan kunne ya gina labarinsa a kai, daidai da bukatar shekarun 1970. An kuma nuna cewa duka biyun sun dogara ne da samuwar gida da gona a bayan matafiyi, don haka hukuncinsu bai kamata a ɗora shi kai tsaye a kan wanda ya fita neman aiki bayan rufewar masana'antu ba. Wanda zai koyar da Kitsen Rogo a aji ya kamata ya haɗa da tarihin lokacin da aka rubuta shi, domin kada ɗalibi ya fita da fahimtar cewa duk wanda ya rasa aiki a birni halinsa ne ya ja masa. A babi na gaba za a dubi ɗaya gefen wannan jigo, wato halin matan aure da iyayen da matafiyi yake bari a gida, kamar yadda ya fito a waƙoƙin daka da na niƙa.